Idan kamfanin wuta ya daɗe bai kawo takardar kuɗi ba, bashin wata nawa zai iya bi?

Yakan faru kamfanin wutar lantarki ko na iskar gas ya yi shekara biyu, har uku, bai aiko wa gida takardar kuɗi ba. Ko kuma ya riƙa aiko da takardar ƙiyasi wadda ba ta kai abin da ake sha ba. Rana ɗaya sai ya farga, ya sa a karanta mita, ya tattara lissafin baya kaf ya ɗora wa mai gida a takarda guda. A Faransanci ana kiranta facture de rattrapage, wato takardar cike giɓi, kuma kuɗin da ke cikinta kan fi albashin wata.

Faransa da Birtaniya sun sa wa wannan bashi iyaka da doka. A Faransa kamfani ba zai bi abin da ya wuce wata 14 ba, a Birtaniya kuwa wata 12. Abin da ya haura haka asarar kamfani ce, tunda sakacin nasa ne. Sai dai kariyar tana da sharuɗɗa, kuma ɗaya daga cikinsu ya fi kama mutanen da ke yawan tafiya gida su daɗe, irin ƴan Nijar, Kamaru, Chadi da Najeriya da ke zaune a waɗannan ƙasashe.

Yadda bashin ke taruwa

Tun ranar 1 ga Yulin 2007 magidanci a Faransa ke da damar zaɓar kamfanin da zai sayi wuta ko gas a wurinsa. Daga nan aiki ya rabu gida biyu. Akwai masu sayarwa, irin su EDF, Engie da TotalEnergies, su ne ke ƙulla yarjejeniya da mutum, su aiko masa da takarda. Akwai kuma masu kula da wayoyi da bututu da mitoci: Enedis a fannin lantarki, wanda ke riƙe da kusan kashi 95 cikin 100 na layukan rarraba wuta a ƙasar, da GRDF a fannin gas. Mai kula da mita ne ke karanta lambar, ya aika wa mai sayarwa. Idan saƙon ya ɓace a tsakaninsu, mai sayarwa sai ya ci gaba da ƙiyasi.

Gidaje da yawa na biya ne ta tsarin da ake kira mensualisation: ana cire kuɗi iri ɗaya daga asusun banki kowane wata, sannan sau ɗaya a shekara a daidaita da ainihin abin da mita ta nuna. Tsarin na da daɗi, amma yana sa mutum ya saki jiki. Tunda kuɗi na fita duk wata, ba ya zaton ana binsa komai. Alhali idan an yi ƙiyasin ne lokacin da yake shi kaɗai a ɗaki, daga baya iyali suka iso, aka kunna na'urar ɗumama ɗaki duk hunturu, to giɓi na ta faɗaɗa ba tare da kowa ya gani ba.

Sauran dalilan sanannu ne. Mita tana cikin gida, ma'aikaci ya zo bai tarar da kowa ba. Mita ta lalace ta daina ƙirga. A dogayen benaye akan cuɗanya mitocin maƙwabta, wannan ya riƙa biyan wutar wancan. Ko kuma an sauya kamfani aka yi kuskure a lambar gidan, wadda ake kira PDL a lantarki, PCE a gas, kowacce lamba 14. Sababbin mitocin Linky, da Enedis ya fara kafawa a Disamban 2015, da takwararsu ta gas mai suna Gazpar, suna aika lamba da kansu daga nesa, kuma sun rage matsalar sosai. Amma ranar da ake cire tsohuwar mita a sa sabuwa, ita ce ranar da tsofaffin kurakurai ke fitowa fili, domin a nan ne ake rubuta ainihin lambar da wataƙila an yi shekaru ba a duba ba.

Dokar wata 14 a Faransa

Iyakar ta fito ne daga dokar sauyin makamashi ta 17 ga Agustan 2015, ta fara aiki a watan Agustan 2016, kuma yanzu tana sashe na L. 224-11 na kundin dokokin kare masu saye, Code de la consommation. Sashen ya ɗora wa kamfani wajibcin yin lissafi a kan ainihin abin da aka sha aƙalla sau ɗaya a shekara. Sannan ya hana shi cajin duk wata wuta ko gas da aka sha fiye da wata 14 kafin karatun mita na ƙarshe, ko ma'aikaci ne ya karanta ko mai gida ne ya aika da lambar.

A lura da inda ake fara ƙirge. Ba daga ranar da takarda ta iso ba ne, daga ranar karatun mita na ƙarshe ne ake komawa baya. A ɗauki misali: iyali sun yi wata 36 ana cire musu kuɗi a kan ƙiyasi, kuma kowane wata suna shan wutar da ta fi ƙiyasin da yuro 40. Aka karanta mita ranar 1 ga Maris 2025, takarda ta zo da bashin yuro 1,440, kimanin jaka 945 na CFA. A doka, abin da kamfani zai iya bi shi ne na daga 1 ga Janairun 2024 zuwa ranar karatun, wato wata 14, yuro 560. Ragowar yuro 880 na wata 22 ya faɗi. A zahiri lissafin bai cika zuwa daidai haka ba, domin watan hunturu ya fi na bazara cin wuta kuma farashi na sauyawa, don haka mai gida na da hujjar neman a nuna masa yadda aka raba adadin wata-wata.

Bai kamata a ɗauka kamfani zai cire ragowar da kansa ba. Wani lokaci yakan cire, wani lokaci kwamfuta ce ke fitar da takardar yadda ta ga lambobi. Wanda bai duba kwanakin da ke jikin takardar ba, watau daga yaushe zuwa yaushe ake cajinsa, zai iya biyan abin da doka ta riga ta sauke masa.

Inda kariyar ke faɗuwa

Doka ta ware hali uku. Na farko, idan ba a samu shiga wurin mita ba. Na biyu, idan mai gida bai aika da lambar mitarsa ba. Na uku, idan an yi maguɗi, kamar taɓa mita ko jan waya ta bayan fage. Na ukun ba ya buƙatar bayani.

Na farko da na biyu kuwa suna rataye ne a kan wasiƙa guda. Kafin kamfani ya ce laifin mai gida ne, dole mai kula da mita ya aiko masa da wasiƙa mai rajista wadda ake sa hannu a karɓa, lettre recommandée avec avis de réception, yana neman a buɗe masa ko a turo lamba. ƴar takardar da ma'aikaci ya jefa a akwatin wasiƙu cewa ya zo bai samu kowa ba, ba ta isa ba. Saƙon waya ma bai isa ba. Saboda haka tambayar farko da ya kamata mai gida ya yi wa kamfanin da ke binsa bashin shekara uku ita ce: ina shaidar wasiƙar?

A nan ne matafiya ke shiga tarko. Gidan waya na ajiye wasiƙa mai rajista kwana 15 ne kawai, sannan ya mayar wa mai ita. Magidancin da ya tafi Damagaram ko Garwa ganin iyaye ya yi wata uku, ko ɗalibin da ya tafi hutu, zai iya dawowa ya tarar wasiƙar ta zo ta koma, kamfani kuma na riƙe da shaidar cewa ya aika. Akwai kuma waɗanda ke ganin sanarwar gidan waya su ƙi zuwa karɓa, don fargabar takardar hukuma ce a kan izinin zama ko haraji. Wannan fargaba abar fahimta ce, amma ƙin karɓar wasiƙa ba ya tsayar da komai, sai dai ya bar mutum bai san abin da ake shirya masa ba. Maganin duk wannan mai arha ne: a ɗauki hoton mita da waya lokaci-lokaci, a tura lambar ta shafin kamfani a intanet, a ajiye shaidar turawar. Ranar shiga gida da ranar fita, a tabbata an rubuta lambar a takardar duba ɗaki, état des lieux.

Wanda ya tare a gida ya tarar da wuta a kunne, bai ƙulla yarjejeniya da kowane kamfani ba ya ci gaba da sha, halinsa daban ne. Ba shi da mai sayarwa da za a ce ya yi sakaci. Enedis na iya yanke wutar, ya kuma nemi kuɗin abin da aka sha.

Wa'adi na biyu: shekara biyu

Mutane kan cuɗa iyakar wata 14 da wani wa'adi na daban. Wata 14 na magana ne a kan abin da kamfani bai caja ba. Idan kuwa ya aiko da takarda daidai kuma a kan lokaci, mai gida ne bai biya ba, to wannan bashi ne na yau da kullum, kuma sashe na L. 218-2 na kundin ne ke aiki. Shi ya ba ɗan kasuwa shekara biyu ya kai mai saye kotu. Bayan haka hakkinsa na ƙara ya faɗi.

Wasiƙun tuni ba sa sabunta wannan wa'adi, ko da kamfanin karɓar bashi ne ya rubuta su da kakkausan harshe. Abin da ke sabunta shi shi ne shigar da ƙara, ko kuma mai gida ya amsa cewa ana binsa. Biyan wani ɓangare ko sa hannu a tsarin biya kaɗan-kaɗan na iya zama amsa bashin. Don haka wanda yake jayayya da wani sashe na takarda ya fi masa ya rubuta a fili cewa ga abin da ya yarda da shi zai biya, ga kuma abin da yake musu a kai, maimakon ya tura ɗan wani abu don a ƙyale shi.

Yanke wuta da neman taimako

Ko bayan an cire abin da ya haura wata 14, ragowar na iya yi wa gida nauyi. Kamfanoni kan yarda a raba shi wata-wata idan an nema. Idan ba a biya ba, ba a yanke wuta kwatsam. Dokar zartarwa ta 13 ga Agustan 2008 ta shimfiɗa matakai: bayan kwana 14 da fitar takarda, ko bayan ranar ƙarshe ta biya, a aiko wasiƙar farko mai ba da ƙarin kwana 15, sannan wasiƙa ta biyu aƙalla kwana 20 kafin a yanke ko a rage ƙarfin wutar. Daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, lokacin da ake kira trêve hivernale, an haramta yanke wa gidan zama wuta ko gas saboda bashi, ko da yake ana iya rage ƙarfin lantarki ga wanda ba ya cikin masu karɓar tallafin chèque énergie. Kamfanin EDF ya daina yanke wa magidanta wuta saboda bashi tun 1 ga Afrilun 2022, sai dai ya rage ta zuwa kVA 1, wadda za ta riƙe fitila da firji da cajin waya, ba za ta ɗumama ɗaki ba. Hutun hunturu ba ya goge bashi, ɗage shi kawai yake yi. Mai ƙaramin ƙarfi na iya neman agaji daga asusun FSL ta hannun ma'aikatan jin ƙai na magajin gari ko na jiha.

Idan aka yi saɓani a kan lissafi, matakin farko shi ne rubuta wa kamfani koke, a ajiye kwafi. Idan wata biyu ya wuce babu amsa mai gamsarwa, sai a kai maganar gaban Médiateur national de l'énergie, hukumar shiga tsakani da dokar 7 ga Disamban 2006 ta kafa. Kyauta ne, ba a buƙatar lauya, amma kada a bari shekara ta cika daga ranar koken farko. Shawarar da hukumar ke bayarwa ba hukunci ba ce, kowane ɓangare na iya ƙin ta ya tafi kotu.

Birtaniya: wata 12

A Ingila, Scotland da Wales hukumar Ofgem ce ke sa ido. Tun 1 ga Mayun 2018 ta sa cikin sharuɗɗan lasisin kowane kamfani cewa ba zai nemi kuɗin wuta ko gas da aka sha fiye da wata 12 baya ba, matuƙar bai caji mutum daidai a kan lokaci ba. A watan Nuwamban shekarar aka faɗaɗa ƙa'idar zuwa ƙananan ƴan kasuwa. Ta haɗa har da halin da kamfani ya sa kuɗin da ake cirewa daga banki ya yi ƙasa, ya bar bashi na taruwa. Kafin wannan lokaci alkawari ne kawai na ganin dama da manyan kamfanoni suka ɗauka, kuma an ga inda ya tsaya: a Disamban 2015 Ofgem ta sa kamfanin npower biyan fam miliyan 26 saboda rikicin takardun kuɗi da na sauraron koke, bayan ya sauya tsarin kwamfutarsa.

Sharaɗin a nan ya fi na Faransa faɗi. Ba a ambaci wata wasiƙa ta musamman ba, an ce dai kada mai gida ya yi abin da ya hana kamfani aikinsa, kamar hana karanta mita ko satar wuta. Wanda ya tare a sabon gida kuwa, doka na ɗaukarsa ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin da ke ba gidan wuta tun ranar da ya fara sha, ko bai sa hannu a komai ba. Koke na zuwa wurin Energy Ombudsman bayan mako takwas, ko da zarar kamfani ya rubuto cewa ya gama magana, kuma idan mai koke ya amince da hukuncin, dole kamfani ya bi. Bashin da aka caja daidai ba a biya ba yana da tsawon rai a can: shekara shida a Ingila da Wales, biyar a Scotland.

Akwai kuma halin da kamfanin kansa ke durƙushewa. A rikicin farashin gas na 2021 zuwa 2022 kamfanoni kusan 30 ne suka rufe a Birtaniya. Wuta ba ta ɗauke wa kowa ba, domin Ofgem ta riƙa miƙa abokan cinikinsu ga wasu kamfanoni, kuma rarar kuɗin da magidanta ke da ita a asusunsu na da kariya. Bashi ma bai mutu da kamfanin ba: ko sabon kamfani ya gaje shi, ko masu kula da dukiyar wanda ya karye su bi shi. Waɗanda suka ɗauki hoton mita ranar da labarin rufewar ya fito su ne suka fi samun sauƙin jayayya daga baya.

Mai haya, da kuma halin da ake ciki a gida

Duk wannan kariya ta wanda sunansa ke kan yarjejeniya ce. Mai haya a Faransa da ke biyan kuɗin ɗumama ɗaki ko ruwan zafi na bene ta hannun mai gida, a cikin abin da ake kira charges, yana ƙarƙashin dokar haya ce ta 6 ga Yulin 1989, wadda ta ba mai gida shekara uku ya bi bashin baya. Idan mai gidan ya yi jinkirin daidaita lissafi har ƙarshen shekarar da ke biye ya wuce, mai haya na iya neman a raba masa biyan gida 12. Wanda ke zaune a ɗakin wani ba takarda, yana miƙa kason wutarsa hannu da hannu, ba shi da abin nunawa a gaban kowa.

Wannan hali na ƙarshe ba baƙo ba ne ga mazauna gidajen haya a Yamai, Maraɗi, Marwa ko Njamena, inda mita ɗaya ke ɗauke da ɗakuna da yawa kuma sunan mai gida ne a takarda. Amma kada kamannin harshe ya ruɗi kowa: sashe na L. 224-11 dokar Faransa ce, ba ta aiki a Nijar ko Kamaru ko Chadi don kawai takardun can ma da Faransanci ake rubuta su. Abin da ke tsakanin mutum da NIGELEC ko kamfanin wutar Kamaru yana cikin yarjejeniyar da ya sa wa hannu da ƙa'idojin ƙasarsa, kuma hukumomin da ke sa ido su ne ARSE a Nijar, ARSEL a Kamaru, PURC a Ghana, NERC a Najeriya.

A Najeriya ciwon ya fi zuwa ta ɗaya gefen. Ba rashin takarda ke damun mutane ba, takardar ƙiyasi ce mai wuce kima ga gidajen da ba su da mita. A Fabrairun 2020 NERC ta sa iyaka ga adadin wutar da za a iya ƙiyasta wa irin waɗannan gidaje, kuma a Fabrairun 2024 ta ci tarar kamfanonin rarraba wuta 11 naira biliyan 10.5 saboda ƙetare iyakar. Mitar kati, wadda ake saya wa wuta kafin a sha, tana hana sabon bashi taruwa, sai dai ba ta goge tsohon. Kamfanoni kan ɗora shi a kan lambar sabuwar mita, su riƙa cire wani kaso duk lokacin da aka sayi kati. Wanda zai kama haya ko ya sayi gida a Kano ko Katsina na iya kai lambar mitar ofishin kamfani a duba masa ko akwai bashi a kanta kafin ya biya kuɗin gidan.